Wa ne zakaran farko na tseren motoci a Amurka, kuma me ya sa jerin sunayen suka saɓa?

Tambaya: Malam, na fara bibiyar tarihin tseren motoci a Amurka, sai na tarar kowane jeri da sunan da ya sa a gaba. Wani ya ce Barney Oldfield ne zakaran farko, wani George Robertson, wani kuma Dario Resta. A 1920 ma sunaye biyu nake gani, Gaston Chevrolet da Tommy Milton. Wanne ne daidai, kuma yaya tseren ya faro har aka kai ga fitar da zakara?

Amsa: Ɗan'uwa, ba idonka ne ya ruɗe ka ba. Kafin 1921, sau uku kacal hukumar tseren Amurka, wato sashen gasa na ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta sanar da gasar ƙasa tun farkon shekara, ta tara maki, ta naɗa zakara: 1905 Barney Oldfield, 1916 Dario Resta, 1920 Gaston Chevrolet. Sauran sunayen da kake gani a shekarun da ke tsakani, daga baya aka zauna a ofis da alƙalami aka cike su. Direbobin da aka ba waɗannan kambun ba su san suna takarar komai ba ranar da suke bayan sitiyari. Amma ba za ka gane yadda aka yi haka ba sai ka san irin filayen da aka yi tseren a kansu, don kusan duk shekara biyar zuwa goma sana'ar takan sauya kama.

An faro ne ranar 28 ga Nuwamba 1895, lokacin da jaridar Times-Herald ta Chicago ta shirya tsere daga birnin zuwa Evanston a dawo, kimanin mil 54 (mil ɗaya ya ɗan haura kilomita ɗaya da rabi). Dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba. Motoci shida ne suka iya fitowa: Benz uku 'yan Jamus, masu lantarki biyu, sai motar 'yan'uwan nan Duryea. Masu lantarkin batir ya ƙare musu a hanya. Frank Duryea ya karya sandar sitiyari, ya tsaya a maƙera aka gyara masa, ya ci gaba, ya iso bayan sama da awa goma ya karɓi dala 2,000. Benz ɗaya ce ta biyo shi, ita ma direbanta Oscar Mueller sanyi ya sumar da shi, alƙalin da aka ɗora masa a motar, Charles King, shi ya ƙarasa da ita. Gudun, ko an cire lokacin tsayuwa, bai wuce mil bakwai da ɗoriya a awa ba. Mai keke zai wuce su.

Turawan Faransa tsere daga gari zuwa gari suka riƙe, don suna da hanyoyi masu kyau. Amurka ba ta da su, amma kusan kowace gunduma tana da filin sukuwa na ƙasa, zagayayye, mil ɗaya ko rabin mil, da rumfar 'yan kallo da ƙofar karɓar kuɗi. Tun Satumba 1896 aka sa motoci a filin sukuwar Narragansett da ke Rhode Island, motar lantarki ta Riker ta ci. Asalin da ya sa har yau Amurkawa ke zagaya fili suna karya kwana zuwa hagu ke nan: a filin doki aka yaye su.

A irin wannan fili ne, a Grosse Pointe kusa da Detroit, Henry Ford ya kayar da Alexander Winton ranar 10 ga Oktoba 1901 a tseren mil 10. Winton ne mafi shahara a lokacin, motarsa ta fi ƙarfi, amma ta fara hayaƙi ana cikin tafiya, Ford ya wuce shi. Kamfanin Ford na farko ya riga ya durƙushe, wannan nasara ce ta dawo masa da masu zuba jari. Shekara ta zagayo ya ƙera wata mai suna 999, silinda huɗu, girman inji kusan lita 19. Ba ta da jiki, inji ne da kujera a kan firam. Ba sifirin a baya, ba na'urar da ke barin tayoyin baya su juya da gudu daban-daban a kwana, sitiyarin kuma sanda ce mai mariƙi biyu kamar ƙahon keke. Ford da kansa ya ƙi yin tsere da ita. Abokin aikinsa Tom Cooper ya kawo wani ɗan tseren keke daga Ohio, Barney Oldfield, wanda bai daɗe da fara taɓa mota ba. Ranar 25 ga Oktoba 1902 ya kayar da Winton a tseren mil 5.

Dabarar Oldfield ita ce ba ya sassauta mai sosai a kwana. Sai ya bar bayan motar ya zame, ya riƙa murɗa sandar zuwa ɓangaren da take zamewa, ƙasa na tashi. Da mota mai tayoyin baya a kulle wuri ɗaya, dama ba wata hanyar shan kwana da gudu. A Yuni 1903, a filin baje kolin Indiana, ya yi mil ɗaya a daƙiƙa 59.6. Sigarin da kake gani a bakinsa cikin hotuna ba na ado kaɗai ba ne, yana hana haƙoransa karo da juna idan mota na jijjiga.

Babban abokin gaba a filin ƙasa ƙura ce. Na gaba ne kaɗai ke ganin hanya, na baya cikin duhu yake tuƙi, ga shingen katako da aka yi don doki, wanda falankinsa ya yi daidai da ƙirjin mai zama a mota. A St. Louis a 1904 ƙura ta rufe wa Oldfield ido, ya ratsa shinge, 'yan kallo biyu suka mutu. Gasar 1905 a irin waɗannan filaye aka yi ta, gajerun tsere na mil biyar ko goma. Earl Kiser ya rasa ƙafa a wannan shekarar, Webb Jay mai motar tururi ya ji mummunan rauni, jaridu suka yi caa, gasar ta ƙare a sanyaye da Oldfield a gaba, Louis Chevrolet na bin sa. AAA ba ta sake waiwayar tsarin maki ba sai bayan shekara goma sha ɗaya. Don haka kambun Oldfield na gaske ne, amma ƙarami ne, kuma ba da shi ya yi suna ba. Sunansa a yawon nuna bajinta ya yi shi, gari-gari, inda yake tafe da abokan tserensa da yake biya albashi, kowa kuma ya san wanda zai ci zagayen ƙarshe. A Maris 1910 ya yi mil 131.7 a awa da Blitzen Benz a rairayin Daytona. A Oktoban shekarar ya yi tsere da zakaran damben duniya Jack Johnson ba da izinin AAA ba, suka dakatar da shi. A ganina gwani ne a kan ƙasa, ɗan kasuwa ne na ƙarshe, amma a dogon tsere da manyan direbobi tarihinsa bai kai sunansa ba.

Dogon tseren kuwa attajiri William K. Vanderbilt ƙarami ne ya kawo shi, da nufin tilasta wa masana'antun Amurka su gwada kansu da na Turai. Kofin Vanderbilt na farko an yi shi ranar 8 ga Oktoba 1904 a titunan Long Island kusa da New York, zagaye goma, mil 284. An yayyafa wa hanya baƙin mai don kwantar da ƙura, ana sakin motoci ɗaya bayan ɗaya da tazarar mintoci, agogo ne ke raba gardama. George Heath, Ba'amurke mazaunin Faransa, ya ci da Panhard a kan mil 52 a awa. Mota ta biyu na tsallake layi jama'a suka cika titi, dole aka tsayar da sauran. Wannan cuta ba ta taɓa barin Long Island ba. A 1906 mota ta kashe ɗan kallo, 1907 ba a yi tsere ba, sai Vanderbilt ya gina titinsa na kankare mai shinge, aka dawo a 1908. A nan George Robertson ya ci da Locomobile mai lamba 16, inji lita 16, karo na farko da motar Amurka ta ɗauki kofin. A zagayen ƙarshe ya zame ya bar hanya, shi da makanikensa suka sauya taya, duk da haka ya riga Herbert Lytle da ƙasa da minti biyu. A shekarar ne kuma wata ƙungiyar masu motoci kishiyar AAA, wato ACA, ta kafa nata babban tseren a Savannah ta jihar Georgia, inda aka jibge sojojin jiha suka tsare hanya, jama'a suka tsaya inda aka ce su tsaya. Lura da wannan: hukumomi biyu, dokoki biyu, ba wanda ke tara makin kowa.

A wannan zamani taya ce ke yanke hukunci fiye da inji. Siririya ce, ana cika ta da iska mai yawa, cikinta kuma yadin auduga ne saƙaƙƙe. Duk juyin da ta yi zaren tsaye da na kwance suna gugar juna, zafi na taruwa, roba ta rabu da yadi, sai fashewa. Mota mai nauyin tan guda, birki a tayoyin baya kawai, idan tayar gaba ta fashe a kwana ba abin da direba zai iya. Kafin a samo rim mai cirewa, da wuƙa ake yanke tsohuwar taya tana zafi, a ɗora sabuwa da ƙarfe, a buga iska. Fashewar taya ce ta kashe David Bruce-Brown a Milwaukee ranar 1 ga Oktoba 1912 yana gwaji, matashin da ya ci babban tseren Savannah sau biyu a jere, wanda da yawa ke ganin ba kamarsa a zamaninsa.

Shi ya sa ake ɗaukar makanike a gefen direba. Ba ɗan rakiya ba ne. Hannunsa ɗaya na kan famfon da ke cusa iska cikin tankin fetur don man ya gangaro gaba, ɗayan na kan famfon baƙin mai. Idonsa na kan tayoyin baya, yana jiran ya ga farin yadi ya leƙo ta cikin roba, sannan yana waiwaye ya taɓa direba a kafaɗa idan wani na son wucewa, don ba a jin magana. Ba shi da sitiyarin da zai riƙe idan mota ta kife, shi ya sa sunayensu suka yi yawa a jerin mamata.

Carl Fisher da abokansa uku, James Allison, Arthur Newby da Frank Wheeler, sun ga cewa tseren titi ba ya kawo kuɗi: ba za ka kewaye mil ashirin ka karɓi kuɗin shiga ba. Suka gina filin Indianapolis a 1909, mil biyu da rabi, miƙaƙƙun hanyoyi biyu dogaye, biyu gajeru, kwana huɗu masu ɗan karkata kimanin digiri 9. Kuskurensu daɓen ne, tsakuwa da kwalta waɗanda ba su gama kamawa ba. A taron kwana uku na Agusta 1909 tayoyi suka tone ramuka, dutse ya fasa wa Louis Chevrolet gilashin ido, mutum biyar suka mutu: direba ɗaya, makanikai biyu, 'yan kallo biyu. Tseren mil 300 na rana ta uku a mil 235 aka tsayar da shi. Kafin shekara ta ƙare suka shimfiɗa jan bulo miliyan 3.2 a kan yashi, aka cike tsakaninsu da siminti.

Tseren mil 500 na farko, ranar 30 ga Mayu 1911, darasi ne kan taya. Ray Harroun injiniya ne a kamfanin Marmon. Gwajinsa ya nuna masa cewa a kan bulon nan idan ka tsaya a mil 75 a awa taya na daɗewa, ka ƙara kaɗan kuma ta narke. Ya ƙera mota mai kujera ɗaya, da sauran suka yi ƙorafin ba shi da mai duba masa baya sai ya kafa madubi a gabansa. Cikin motoci 40, Ralph Mulford mai Lozier ya fi shi gudu, amma taya 14 ya sauya, Harroun huɗu. Harroun ya gama a awa 6 da minti 42, wato mil 74.6 a awa, kuma Cyrus Patschke ya karɓe shi tuƙi na wasu zagaye a tsakiya. Wani haɗari a gaban rumfar alƙalai ya rikita masu ƙirga zagaye na ɗan lokaci, shi ya sa har yau ake samun masu cewa Mulford ne ya ci. Sakamakon hukuma dai Harroun ne, kuma daga ranar ya ajiye tsere. Shekara mai bi aka wajabta ɗaukar makanike, dokar ta zauna har 1922.

A 1912 Ralph DePalma, haifaffen Italiya, ya jagoranci zagaye 196 cikin 200 da Mercedes, sai sandar fistin ta karye ta huda cikin inji, mai ya tsiyaye. Shi da makanikensa Rupert Jeffkins suka sauko suna tura motar, Joe Dawson ya wuce ya ci da jagorancin zagaye biyu. DePalma ne direban da zan sa gaba a wannan zamanin, don yana ci a titi, a ƙasa, a bulo, daga baya a katako. Shi da Oldfield ba sa ga-maciji. A Kofin Vanderbilt na 1914 a Santa Monica, Oldfield na da Mercer sabuwa mai gudu, DePalma na da tsohuwar Mercedes. Kusa da ƙarshe DePalma ya yi wa mutanensa alamar zai tsaya shan mai a zagaye mai zuwa. Oldfield ya gani, ya ce to bari shi ma ya tsaya ya sauya tayarsa da ta cinye. DePalma bai tsaya ba. Indianapolis kuwa sai 1915 ta faɗo hannunsa.

Kafin nan wani abu ya faru da ya sauya injin tseren Amurka gaba ɗaya. A 1913 Bafaranshe Jules Goux ya zo da Peugeot ya ci Indianapolis da tazarar minti 13. Injin Amurkawa manya ne masu juyi a hankali. Na Peugeot kanshaf biyu gare shi a saman kai, bawul huɗu a kowace silinda, yana shaƙar iska da yawa, yana juyi da sauri, ƙaramin inji na ba da ƙarfin babba. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, kayan gyara suka daina zuwa daga Faransa. Bob Burman ya fasa injin Peugeot ɗinsa, ya kai shagon Harry Miller mai ƙera kafireto a Los Angeles, inda Fred Offenhauser ya warware shi gunduwa-gunduwa ya sake ƙera shi. Daga wannan aiki zuriyar injin Miller ta fito, daga baya Offenhauser, wadda ta riƙe Indianapolis har cikin shekarun 1970. Hukuma kuma ta yi ta rage girman inji don rage gudu: kusan lita 10 a 1911, lita 7.4 a 1913, lita 4.9 a 1915, lita 3 a 1920, lita 2 a 1923, lita ɗaya da rabi a 1926. Duk ragin da aka yi, gudun ƙaruwa yake.

Dalili ɗaya shi ne filin katako. Jack Prince, mai gina filayen tseren keke, ya gina na farko don motoci a Playa del Rey kusa da Los Angeles a 1910, zagayen mil ɗaya. Ana jera katako mai inci biyu da huɗu a kan gefensa, a bi da ƙusa, a kan ginshiƙai, a ɗaga kwana ta yi gangara kamar bakin kwano. Ba ƙura, ba rami ranar farko, kuma ya fi bulo arha da saurin gini. Wajen ashirin da huɗu aka gina zuwa ƙarshen shekarun 1920: Chicago, Sheepshead Bay, Tacoma, Uniontown, Beverly Hills, Altoona da sauransu. A 1915, shekarar da DePalma ya ci Indianapolis a kan mil 89.8 a awa, Resta ya ci mil 500 a katakon Chicago a kan 97.6. Na Fulford kusa da Miami gangararsa digiri 50 ce, tsere ɗaya aka yi a kansa a Fabrairu 1926, guguwar Satumba ta watsa shi.

A kan gangara irin wannan direba ba ya ɗaga ƙafa daga totur, don haka inji na kan iyakar ƙarfinsa awa biyu ko uku ba hutu. Abin da ke mutuwa bawul ne, fulogi, da boris. Shi kuma katakon ba a yi masa maganin da zai kare shi daga rana da ruwa ba. Bayan 'yan shekaru sai ya fara ruɓewa, ƙusoshi su ɗago, tayar na gaba ta riƙa harbo wa na baya sartse, wani ya kai tsawon hannu. Rami kan buɗe ana cikin tsere, kafintoci su shiga ta ƙarƙashi suna toshewa motoci na wucewa a kansu. Filin Altoona kaɗai ya ci mutum uku da suka taɓa cin Indianapolis: Howdy Wilcox a 1923, Joe Boyer a 1924, Ray Keech a 1929, kwana goma sha shida bayan nasararsa. Kuɗin sauya katako ya fi abin da ƙofa ke kawowa, tattalin arziki ya karye a 1929, zuwa 1931 manyan filayen sun ƙare.

Yawan waɗannan filaye ne ya sa a 1916 AAA ta ga akwai jerin manyan tsere da za a iya ɗaure su da maki, ana ba da maki gwargwadon tsawon tsere da matsayin da ka gama. Resta, haifaffen Italiya da ya tashi a Ingila, ya ci da Peugeot, Johnny Aitken na biyu, Eddie Rickenbacker na uku, wanda daga baya ya yi suna a yaƙin jiragen sama kuma ya sayi filin Indianapolis a 1927. Amurka ta shiga yaƙi a 1917, aka jingine gasar har 1920.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. A 1920 tsere biyar ne aka ayyana za su ba da maki. Gaston Chevrolet, ƙanin Louis, ya ci Indianapolis da motar da yayansa ya ƙera. A tseren ƙarshe, ranar 25 ga Nuwamba a Beverly Hills, motarsa ta yi karo da ta Eddie O'Donnell, su biyun suka mutu tare da makaniken O'Donnell. Da aka tara maki, Gaston ne a gaba, jaridun washegari suka buga cewa zakara ya mutu. Wajen 1926 zuwa 1927 sai wasu jami'an hukumar biyu, Val Haresnape da Arthur Means, suka ɗauko tsofaffin sakamako, suka ɗora musu tsarin maki na zamaninsu, suka fitar da zakarun 1909 zuwa 1915 da na 1917 zuwa 1919. Ta haka Bert Dingley, Harroun, Mulford, DePalma, Earl Cooper da Wilcox suka samu kambu. Suka kuma sake lissafin 1920 da tseren da ba a sa su cikin gasar ba tun farko, sai Milton ya hau kan Gaston. A 1951 marubucin tarihin tsere Russ Catlin ya sake taɓa jerin, ya miƙa shi baya har 1902, ya cire Dingley daga 1909 ya sa Robertson. Da yake takardar ta fito daga ofishin hukuma, littattafai suka yi ta kwafa shekara da shekaru, sai da masu bincike irin su John Printz suka koma jaridun lokacin suka nuna abin da aka sanar a ainihin shekarun.

Illar lissafin baya a fili take. Direba yana zaɓar tseren da zai shiga ne bisa abin da aka ce masa za a ƙirga. Da Gaston ya san za a ba da maki a sauran tseren 1920, da wataƙila ya tsara shekararsa daban. Ba laifin Milton ba ne, kuma ba ya bukatar kyauta: ya ci gasar 1921 da hannunsa, ya zama na farko da ya ci Indianapolis sau biyu, 1921 da 1923, duk da ido ɗaya yake gani da shi. Idan ka ga jeri ya sa Milton a 1920, ko ya cika kowace shekara daga 1902 ko 1909 ba giɓi, to na ofis ne.

Daga 1921 ba gardama: Milton, sai Jimmy Murphy 1922, Eddie Hearne 1923, Murphy 1924, Peter DePaolo 1925, Harry Hartz 1926, DePaolo 1927, Louis Meyer 1928 da 1929. Murphy yaron Milton ne, a kujerar makanike ya koyi tuƙi, har ya je Faransa a 1921 ya ci babban tserensu a Le Mans da Duesenberg mai birkin mai a tayoyi huɗu, abin da ya ba shi damar jinkirta taka birki fiye da Turawa a kowace kwana. Kambunsa na biyu shi ma bayan ransa aka ba shi, don ya mutu a filin ƙasa na Syracuse a Satumba 1924. DePaolo ɗan 'yar'uwar DePalma ne, a gefen kawunsa ya fara, shi ne kuma ya fara haura mil 100 a awa a tseren Indianapolis, 101.13 a 1925.

Amma jerin, ko na gaskiyar, ba ya gaya maka wa ya fi gudu. Hartz bai taɓa cin Indianapolis ba, sau uku yana zuwa na biyu, ya ci gasar 1926 ne da yawan gamawa a sahun gaba. Frank Lockhart kuma bai taɓa zama zakara ba, na biyu ya zo a 1926 da 1927, alhali ba wanda ya kai shi a kan Miller mai lita ɗaya da rabi. Motar dala 10,000 ake sayar da ita, mai jan tayar gaba 15,000, lokacin da sabuwar Ford Model T mafi arha ba ta kai 400 ba. Tana da na'urar cusa iska cikin inji, amma iska idan aka matse ta zafi take yi, ƙarfi ya ragu. Lockhart ya ƙera abin sanyaya iskar kafin ta shiga silinda, ya ɓoye shi ƙarƙashin bonet. A Mayu 1927 ya zagaya katakon Atlantic City a kan mil 147 a awa, gudun da ba a kai ba a Indianapolis sai 1960. Ya mutu a rairayin Daytona ranar 25 ga Afrilu 1928 yana neman tarihin gudun duniya, taya ce ta fashe. Shekararsa 25.

Sannan kambun na waɗanda aka bari su shiga ne kawai. A Fabrairu 1909 Joan Newton Cuneo ta zo ta biyu bayan DePalma a tseren mil 50 a New Orleans, ba a jima ba AAA ta hana mata shiga gasarta. Baƙaƙen fata ma ba a ba su lasisi, sai suka kafa tasu ƙungiyar, suka riƙa yin tseren mil 100 mai suna Gold and Glory a filin baje kolin Indiana daga 1924, filin da Oldfield ya yi mil ɗaya cikin minti. Gwaninsu Charlie Wiggins ne, makanike mai garejinsa a Indianapolis, wanda ke haɗa motarsa da kansa daga kayan bola. Ya ci tseren a 1926, ya sake cinsa a farkon shekarun 1930, fararen direbobi na kawo masa injinsu gyara amma ba ya iya shiga tsere da su. A 1936 motoci goma sha uku suka yi karo a farkon tseren, aka yanke masa ƙafar dama, ba a sake yin Gold and Glory ba.